Wasiƙar da Babu Kuskure a Cikinta

Malamarmu ta Ingilishi ba ta da abokin gaba a duniya kamar ɗan waƙafin nan da Turawa ke ratayawa a saman kalma idan sun gutsure ta. Mutuniyar Gana ce, gajeruwa, mai tabarau da igiya, kuma ban taɓa ganinta babu jan biro a hannu ba. Idan kika rubuta don't a wurin da ya kamata ki rubuta do not, sai ta zagaye shi da ja har takardar ta kusa hujewa, sannan ta kira ki gaban aji ta tambaye ki ko shugaban ofishin da kike rubuta wa abokin wasanki ne. A wurinta wasiƙa iri biyu ce. Akwai ta gida, wadda za ki rubuta wa ƙawa ko ɗan'uwa, a nan ki gutsure kalma yadda kika ga dama. Akwai kuma ta ofis, wadda kowace kalma sai ta fito cikakkiya da kai da ƙafa. Ni kuwa na iya abin nan, kuma na san na iya, abin da ya lalata ni ke nan.

A lokacin ina shekarar ƙarshe a makarantar horar da malamai mata a Birnin Kebbi, zamanin da duk muke ƙarƙashin Jihar Sakkwato. Gidanmu yana Argungu. Baba masunci ne, da ƙarfinsa ya fara raguwa ya koma noman shinkafa a fadama, Inna kuma bandar kifi take yi tana sayarwa. Cikin 'ya'yan da ta haifa mu biyu ne muka rayu, ni da Yayana, wanda ya shiga soja aka tura shi wani bariki can Kudu. Shekara biyu ke nan rabonsa da gida.

Da Ingilishi muke wasiƙa ni da shi, don tsabar iyayi. Nasa Ingilishin na bariki ne, duk a gutsuttsure, ni kuma in zagaye masa kurakuransa da jan biro in mayar masa cikin amsata. Shi ya sa yake kirana Malama tun ban zama ba. Idan na je gida hutu nakan karanta wa su Baba wasiƙun da Hausa. Inna ba ta taɓa zama ta saurara ba. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. "Wancan" take ce masa. Sai dai na lura, duk ranar da na fara karatun, aikin juya kifi a kan murhun banda yakan dawo daidai bayan inda nake zaune, kuma mafici yakan tsaya a hannunta har in kai ƙarshe.

Ciwon Inna ya fara ne da damina. Ƙafafunta suka kumbura, sannan ciki, idanunta suka yi rawaya. An yi jiƙe-jiƙe, an yi rubutu, abu ya ƙi, sai Baba ya kawo ta asibiti a Birnin Kebbi. Kwana goma sha ɗaya tana kwance, kullum bayan an tashi daga aji nakan karɓi izini in je. Rana ta ƙarshe likita ya tsaya a ƙarshen gadon, ya ga kayan makaranta a jikina, sai ya juya harshe zuwa Ingilishi. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce hantar ta riga ta lalace, babu abin da ya rage a hannunsu, mu kai ta gida ta huta cikin danginta. Ya ce makonni ne, ba watanni ba, kuma idan akwai wanda take son gani, a kira shi yanzu.

Baba yana tsaye da hularsa a hannu, yana kallon bakina. Da likita ya wuce ya ce, "Mi yac ce?"

Na ce, "Ya ce a koma gida a ci gaba da magani."

Kun ji farkon laifina. Babu wanda ya sa ni. Bakina ne ya ƙi ɗaukar maganar, ya ɗauko wadda ta fi sauƙi ya miƙa masa.

Ranar Asabar na bi su Argungu da niyyar a kira Yaya. Soja ba ya tashi ya taho don ya ga dama, sai hafsan da ke kansa ya ba shi izini, kuma Yaya ya taɓa gaya mini cewa idan abu ya taso daga gida, hafsan ake rubuta wa kai tsaye. Na sami Baba a zaure yana gyaran komarsa ta kamun kifi, na durƙusa na ce a buga waya. Wayar da nake nufi ita ce talgiram, saƙon 'yan kalmomi da ake bugawa a gidan waya ya isa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ya ɗago kai kamar na zage shi. "Waya? Wa yam mutu?"

Haka abin yake a wurinmu. Idan aka ga ɗan aiken gidan waya ya jingine keke a ƙofar gida da 'yar takardar nan, mata kan fara salati tun ba a buɗe ba. Baba ya ce ba za a tayar wa yaro da hankali yana riƙe da bindiga ba. Takarda za a rubuta, a cikin natsuwa, kamar yadda mutanen kirki ke yi.

To, na ɗauko doguwar takarda da rula da biro, na shimfiɗa tabarma a zauren, na kifa faranti a kan cinyata. Wallahi ban taɓa yi wa wani rubutu hidimar da na yi wa wasiƙar nan ba. Adireshinmu a sama ta dama, na hafsan a ƙasa ta hagu, kan magana na ja masa layi da rula. Na farko na yaga saboda hannuna ya zarce na rubuta I'm. Na biyu na yaga saboda can't ta kutso a layi na shida. Baba ya gaji da jin ƙarar yaga takarda, ya tambaye ni abin da ke faruwa. Na bayyana masa cewa a Ingilishi ba a gutsure kalma idan da babba ake magana. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya ce ashe Turawa ma sun san ladabi, ai ko mu ba a yanke gaisuwa a gaban manya. Ya sa na ƙara gaida hafsan da iyalinsa da waɗanda ke ƙarƙashinsa, ni kuma na yi ta dabara har na cusa gaisuwar cikin layi ɗaya ba tare da na ɓata tsarin ba.

Sai muka zo kan maganar ciwon. Na ce, "Baba, in rubuta jikin ya yi tsanani?"

"A'a. Ki ce ba ta da lahiya, amma da sauƙi, mun gode Allah."

"Baba, idan aka ce da sauƙi ba za su bar shi ba."

"Ran nata ga hannunki shike? Ba a hwaɗin haka ga mai rai. Ki rubuta abin da nic ce."

Ku fahimce ni, Baba ba ƙarya yake nufi ba. A wurinmu ko mutum yana shure-shuren ƙarshe, idan aka tambayi jikinsa da sauƙi ake cewa. Godiya ce, kuma kunya ce ta riga Ubangiji yanke hukunci. Wanda ya tashi a cikinmu yakan ji nauyin ciwo daga yadda aka ja kalmar, da yadda aka sunkuyar da kai bayanta. Amma takarda ba ta sunkuyar da kai, kuma hafsan ba a cikinmu ya tashi ba. Duk na san wannan. Da na buɗe baki a lokacin na gaya wa Baba abin da likita ya ce, wataƙila da ya sassauta. Amma yin haka yana nufin in amsa cewa na ɓoye masa gaskiya a asibiti, kuma in ji maganar ta fito daga bakina a karo na farko. Na kasa. Sai na sunkuya na rubuta cewa mahaifiyarmu ba ta da lafiya, amma tana samun sauƙi da yardar Allah, muna roƙon a ba ɗanta izini ya zo ya duba ta idan hali ya yi. Kowace kalma cikakkiya. Na ƙara 'yar gajeruwar takarda ta Yaya, ita ma da sauƙin na faɗa masa.

Ranar Litinin, kafin in kai gidan waya, sai da na kai wa Malamarmu ta Ingilishi ta duba. Kun ji rashin hankali. Uwata tana kwance tana ƙarewa, ni ina neman yabo. Ta gyara tabarau, ta bi layi-layi da bakin jan bironta, har ta kai ƙarshe bai taɓa takardar ba. Ta ce da za ta samu da ta manna ta a allo 'yan aji su koya. Sannan ta cire tabaraun ta dube ni, ta ce, "Da gaske tana samun sauƙi?"

Na ce, "E, Malama."

Ta miƙo mini takardar. Na manna kan sarki, na jefa a akwatin gidan waya, na dawo makaranta ina jin kamar na sauke wani nauyi.

Daga ranar da na rubuta wasiƙar, kwana goma sha tara amsa ta yi kafin ta zo. Na ƙirga su a lokacin, kuma har yau ina ƙirga su, domin a cikin kwanakin nan goma sha tara Inna tana cikin hankalinta sarai. Tana gane kowa. Tana faɗa idan an zuba wa kifi gishiri da yawa, tana aika a gaida maƙwabta. Duk Juma'a da yamma nakan hau motar haya, kiya-kiya, zuwa Argungu, in dawo Lahadi. Kowane zuwa sai in tarar an rage mini wani abu daga jikinta. Zuwan farko tana iya zama a jingine, na biyu sai an tallafe ta. Hannayen da ke ɗaga kwandon kifi su kaɗai suka koma kamar sillen kara.

Gidanmu bai da nisa da hanyar tasha. Inna ta sa aka juya mata shimfiɗa ta fuskanci ƙofar ɗaki, wai iska take so. Duk motar da ta rage gudu a hanya sai ta yi shiru, ko da tana tsakiyar magana, har sai ƙarar ta wuce. Ba ta taɓa cewa komai ba. Sau ɗaya kawai, ina shafa mata man kaɗanya a ƙafa, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Takardar da kunka yi, ta kai kuwa?"

Na ce, "Ta kai, Inna. Yana hanya."

Ta ce, "Ni ba don komi ba. Don shinkahwa ta, ubanku ba shi iya yankan shi kaɗai."

Ran nan na fita bayan ɗaki na toshe bakina da gyale don kada ta ji.

A makaranta na zama kamar mahaukaciya. Kullum da ƙarfe tara na safe ina ƙofar ofis ina jiran a raba wasiƙu. Na daina cin abinci sosai, na yi faɗa da ƙawata a kan bokiti har aka raba mu. Na fara rubuta wata wasiƙar sau uku ina yagawa, domin idan na faɗi gaskiya yanzu na ƙaryata Baba a gaban baƙo, kuma wa ya sani, ƙila Yaya yana cikin mota a daidai lokacin. Haka na yi ta lallashin kaina da gobe.

Ranar wata Alhamis aka kira sunana. Da na ga rubutun Yaya a bayan ambulan na san bai taso ba, domin mutumin da ke hanya ba ya aiko takarda. Na buɗe a tsaye. Wasiƙar cike take da raha, duk a gutsuttsure kamar kullum. Ya ce hafsansu ya kira shi ofis, ya nuna masa takardata, ya ce ƙanwarka ta fi akawunmu iya Ingilishi. Ya ce ranar har ƙasa ba ta ɗauke shi ba don alfahari. Sannan ya ce tunda jikin Inna da sauƙi, kuma suna da atisaye a gabansu, hafsan ya ce ya dakata sai hutunsa na shekara, nan da wata biyu. Ya ce ya saya mata atamfa mai ruwan ganye, in gaya mata ta warke da wuri ta ɗaura. A ƙasa ya ƙara da cewa, Malama, wannan karon a yi mini rangwame da jan biro.

Wata biyu! Likita ya ce makonni, kuma na riga na ƙone kusan uku a kan ladabi da rula. Na zauna a kan matakalar ofis. Ban ga laifin hafsan ba, har yau ban gani ba. Abin da aka rubuta masa ya karanta.

Ban jira Juma'a da yamma ba. Da safe na je wurin shugabar makaranta na ce ko a ba ni izini ko in tafi babu izini, ta dube ni ta sa hannu. Na isa Argungu ana shirin masallaci. Sai da Baba ya dawo ya ci abinci, sannan na same shi a zaure na karanta masa wasiƙar tun daga farko har ƙarshe, ban tsallake ko atamfar ba. Ya ce Allah ya kai mu wata biyun.

A nan ne kaina ya yi zafi. Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Na ce, "Ba za ta kai ba! Baba, ba za ta kai ba. Likita ya ce hantarta ta ƙare, ya ce makonni ne, ya ce a kira wanda take son gani. Ni ce na ɓoye maka. Ni ce na ce a ci gaba da magani, babu wani magani!"

Na jira ya mare ni, wallahi da ya yi da na ji sanyi. Sai ya ci gaba da kallon komar da ke hannunsa. Can ya ce, "Ɗiyag ga, kina zaton sai da Turanci ni ka gane matata? Tun randa munka baro asibiti nis sani."

"To don me, Baba? Don me ka ce in rubuta da sauƙi?"

"In na hwaɗi da bakina, ya zama." Ya juya fuska wajen bango.

Ashe mu biyu muka zauna a zauren nan ranar Asabar ɗin, kowa ya san gaskiya, kowa yana kare ɗan'uwansa daga ita, muna ta gyaran gaisuwa. Na ce masa gobe da safe zan je in buga waya, ko ya yarda ko bai yarda ba. Ya ajiye komar. Ya tashi ya shiga gida.

Washegari Asabar ce, gidan waya rabin rana suke yi. Na fito da mayafina zan tafi a ƙasa, sai na tarar da Baba a ƙofar gida ya fito da kekensa yana buga wa tayar baya iska. Bai dube ni ba, ya ce, "Hau." Rabona da hawa bayan keken nan tun ina firamare. Muka bi ta gefen kasuwa, masu kifi suna gaishe shi, suna tambayar mai jiki, yana amsawa da sauƙi, da sauƙi, har muka isa. Ya tsaya a ƙarƙashin dalbejiya ya riƙe keken, ya ce ba zai shiga ba.

Ma'aikacin, wani dattijo mai furfura a gemu, ya miƙo mini 'yar takardar da ake cikawa. Kun san abin da hannuna ya yi? Ya fara da gaisuwar girmamawa, ya shiga I am writing to, kamar yadda aka horar da shi. Dattijon ya leƙo ya ce, "Yarinya, nan ba a yin wannan. Faɗi abin da ya kawo ki kawai." Na soke. Na sake farawa, na danna biron har ya huda takardar. Na rubuta sunan hafsan da lambar Yaya, sannan kalma uku: uwa, tana mutuwa, zo. A Ingilishin kalma uku ne cif, babu gaisuwa, babu roƙo, babu godiya. Da Malama ta gani da jan bironta ya ƙare a kai. Dattijon ya karanta, ya dubi Baba ta taga, ya ce a hankali, "Allah shi sawwaƙe."

Da na fito Baba ya ce, "Kin gaishe shi dai?"

Na ce, "Ban gaishe shi ba."

Ya gyaɗa kai. A hanyar dawowa bai hau keken ba, turawa ya yi, ina biye da shi. Wata mata ta tambaye shi mai jiki a bakin kasuwa, ya wuce kamar bai ji ba.

Ban koma makaranta ba. Hafsan, Allah ya saka masa, a ranar da wayar ta isa ya saki Yaya. Amma daga inda suke zuwa Argungu tafiya ce ta jirgin ƙasa da mota da wata motar. Ranar Lahadi Inna ta sha kunu cokali huɗu, ta tambaye ni ko ruwa ya janye daga fadama. Ranar Litinin da hantsi ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun kafin a haife ni. Na ce, "Inna, ni ce." Ta yi murmushi irin na wanda ba ya son ya kunyata baƙo. Daga nan ta daina juyawa idan mota ta rage gudu. Na zauna a gefenta ina roƙon Allah abin da ban taɓa roƙo ba, ba warkewa ba, kwana biyu kawai na hankali. Na ce ya ɗauka daga nawa ya ba ta.

Ranar Laraba bayan azahar Yaya ya shigo. Ko kayan sojan bai tsaya ya cire ba, jakarsa a kafaɗa, ƙura har gira. Ya gaida Baba a tsaye, ya cire takalma a ƙofar ɗaki, ya shiga. Na ga lokacin da idonsa ya sauka a kanta. Ya yi baya kamar an hankaɗa shi, sannan ya durƙusa ya rarrafa zuwa shimfiɗar.

Ya ce, "Inna. Inna, na zo."

Ta buɗe ido ta daɗe tana kallon kakin da ke jikinsa. Ina jin malamin asibiti ta ɗauke shi. Ta yi ƙoƙarin jawo zane ta rufe kafaɗarta, na taimaka mata.

Ya ce, "Inna, ya jiki?"

Ta ce, "Da sauƙi, malam. Mun gode."

Ya kama hannunta ya faɗi sunansa, ya sake faɗa. Ta saurara da ladabi. Sannan ta jawo shi kusa da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta rage murya kamar mai jin kunyar a ji ta, ta ce, "Malam, ina da yaro ga soja. In za ku yi mai takarda, ku ce da sauƙi. Kar hankalinai shi tashi."

Yaya ya ɗago ya dube ni. Da zagina ya yi da ya fi mini. Ya mayar da kansa gare ta, ya ce, "To, Inna. Za a gaya masa."

Ta ce, "Yawwa," ta lumshe ido.

Washegari da la'asar ta cika, yana riƙe da hannunta, ba ta san hannun wa ba ne. Atamfar mai ruwan ganye tana cikin jakarsa, ba a ko warware ta ba.

Bayan addu'ar bakwai, ranar da zai koma, na raka shi tasha. Duk kwanakin nan bai tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Da direba ya fara kiran fasinja, sai ya zaro wata takarda daga aljihun ƙirjinsa, a ninke huɗu. Wasiƙata ce ta farko. Ya ce hafsan ne ya ba shi tun ranar da ya yaba ta, ya ce ya ajiye don tarihi. Ya ce, "Kullum ina nuna wa abokaina." Ya sa mini ita a hannu, ya ce, "Da kin rubuta mini da irin nawa Ingilishin, ko da Hausa, layi ɗaya, da na gudo ko za su ɗaure ni." Bai jira amsa ba ya shiga mota. Bai ƙara kirana Malama ba har yau.

Na gama makaranta, na koyar da Ingilishi shekaru masu yawa. Na koya wa yara inda ake gutsure kalma da inda ake cika ta, domin jarrabawa tana tambaya, kuma ba ƙarya ba ne, akwai wurin kowanne. Wasiƙar tana cikin akwatina, ƙarƙashin atamfar da Yaya ya bar mini. Nakan ɗauko ta wani lokaci in bi ta layi-layi, ko zan sami wani abu da zan zagaye. Babu kuskure ko ɗaya a cikinta.